Injin da Tamu Mai Tafireta Ya Zaɓa

Duk wanda ya daɗe a Jega ya san Tamu Mai Tafireta, ko da bai taɓa kai masa aiki ba. Sunan ya bi shi har yau, alhali rabonsa da taɓa tafireta an fi shekara goma. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, yana dogara sanda yana jan ƙafar hagu, kuma ba ya son abokin tafiya ya rage sauri saboda shi.

A Jandutsi aka haife shi, gidan manoma masu 'yan shanu. Yana ɗan shekara tara wani bijimi ya take shi a wurin shayarwa. Tsakiyar damina ce, ruwa ya yanke hanya, sai da aka kwana huɗu kafin a kai shi wurin masu ɗori a Aliero. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, ƙashi ya kama, amma gwiwar ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. Mahaifinsa ya ga ba zai iya sunkuyon noma ba, balle bin shanu, sai ya ce a ba shi alƙalami. Shi ya sa a duk 'ya'yan gidan shi kaɗai ya yi nisa a boko. Daga baya wani kawunsa, masinja a Birnin Kebbi, ya sa shi a makarantar koyon buga tafireta, ya fito da takardar shaida da yatsu masu gudu kamar ruwa.

Aikin ofis bai samu ba. Sai ya sayi tsohuwar tafireta, ya kafa tebur a gindin wani itacen dogon yaro kusa da kotu a Jega, ya zauna a nan shekara ashirin da biyar. Takardar rantsuwa, yarjejeniyar sayen gona, wasiƙar neman aiki, ƙorafin iyaka, duk ta hannunsa suke bi. Akwai wasu masu tafireta a jere da shi, amma layinsa ya fi tsawo, ba don ya fi su sauri kawai ba. Mutum zai zo masa ransa a ɓace, magana a cakuɗe, ya faro daga kakan kakansa. Tamu zai saurara har ya gama, bai taɓa maɓalli ko ɗaya ba. Sannan ya zubar da zagin, ya tsame zancen, ya buga shi a layi goma. Idan ya karanta wa mai shi, sai ka ji ya ce, "To, abin da nika nufi ke nan."

Da kwamfuta ta shigo gari, sai aiki ya fara janyewa. Ofisoshi suka soma cewa takardar tafireta ba ta da kyan gani. Akwai ranakun da Tamu zai wuni a gindin itacen bai cire murfin tafiretar ba. A shekarun nan matarsa Luba ce ta riƙe gidan da kiwonta. Mace ce marar yawan magana, wadda ta san rago ko sa tun yana ƙanjamamme ta ce wannan zai yi nama, kuma ya yi.

Wani saurayi mai suna Shamsuddeen, wanda ya buɗe shagon buga takardu kusa da jami'a a Aliero, shi ya zo har gindin itacen ya ɗauke shi aiki, don ɗalibai sun yi masa yawa. Cikin mako biyu Tamu ya saba da kwamfuta, tunda haruffan suna inda ya san su. Abin da ya ba shi wuya shi ne sassauta hannu, don sai da ya karya maɓalli biyu kafin ya daina dukansu kamar na ƙarfe. Shekara goma yana shiga motar haya daga Jega da safe, ya dawo da yamma.

A tsakiyar shagon akwai wani ƙaton injin fotokwafi da ya kai ƙirjin mutum. Ba aikin Tamu ba ne, shi yana can lungu da kwamfutarsa. Amma kullum yana jin gurnaninsa, yana jin zafin da yake fesowa, yana ganin yadda ɗalibai ke yi masa layi har waje. A hankali, ba tare da ya taɓa faɗa wa kowa ba, ya ƙudurta a ransa cewa shago shi ne wannan injin, sauran duk 'yan rakiya ne.

Da Shamsuddeen ya samu aiki a Abuja ya sayar da shagon. Sabon mai shi ya ce ɗaliban yanzu da kansu suke buga abinsu, ba ya bukatar mai bugu. Shamsuddeen ya ji nauyin abin, ya bar wa Tamu kwamfutar da yake aiki da ita kyauta. Haka ya dawo Jega yana da shekara hamsin da bakwai, da kwamfuta a cikin kwali.

Alhaji Mamman, abokinsa tun suna yara a Jandutsi, yanzu babban ɗan kasuwar albasa ne mai tura motoci kurmi. Yana da jerin shaguna a unguwar Jega Magaji, sai ya buɗe masa na ƙarshen, ɗan ƙarami mai taga ɗaya, ya ce ya shiga. Saura inji. Ƙanen Tamu da ke noma gonar gado ya kawo masa rabonsa na albasar bana, amma bai isa ba. Wata safiya Luba tana zuba wa wani sa nata dusa, wanda ta yi shekara ɗaya da rabi tana turke, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Malam, a kai shi kasuwa."

"Na aikin Umararki na," in ji Tamu.

"Umara tana nan. Zaman gida ba shi karɓe ka ba."

Aka kai san kasuwa. Tamu ya san abin da ke hannunsa na inji ɗaya ne, in ya yi kuskure babu na biyu.

Shawara kuwa ta zo ta ko'ina. Alhaji Mamman ya ce babban inji za a saya, irin na Aliero, na hannu wanda aka sauke daga ƙasashen waje, wanda duk mai wucewa zai ga alamar an zo da gaske. 'Yar Tamu, Shafa'atu, da ke koyarwa a Maiyama, ta bugo waya ta ce a ofishin makarantarsu akwai wani ɗan inji da ake ɗorawa a tebur, yana fitar da takarda daga kwamfuta, yana kwafi, yana kuma ɗaukar hoton takarda ya shigar da ita kwamfuta, har launi yana yi, tawadarsa daga kwalba ake ɗura masa. Da Tamu ya ba Alhaji Mamman labari, sai ya yi dariya ya ce, "Abin wasan yara na. Kai da ka yi shekara talatin da biyar kana aikin ga, da wanga za a gan ka?"

Luba tambaya ɗaya ta yi. Ta ce, "Ni dai kowace dabba nika saye, sai na san abin da taka ci. Shi babban, mi shika ci?"

Tamu bai sani ba. Shekara goma yana zaune kusa da injin, bai taɓa saya masa komai ba.

Kafin ranar tafiya Sakkwato sayen inji ya yi mako biyu yana buɗe shagon da kwamfuta kaɗai, in an samu wuta ya buga, ya tura mutum wani wuri a fitar masa. Tsofaffin abokan hulɗarsa na gindin itace suka fara jin labari suna leƙowa. Ya lura ba wanda ya zo masa da littafi mai shafi ɗari irin na ɗalibai. Wannan da katin shaida, wancan da takarda ɗaya ko biyu a ninke cikin aljihu. Da yawa ma ba takarda a hannunsu, waya suke miƙo masa, su ce ɗansu ya turo takarda daga Legas ko Zariya, an ce a fitar da ita. Ya ga wannan duka, ya kuma fahimta. Amma in ya rufe ido, ƙaton injin yake gani a tsakiyar shagonsa.

Ranar Talata da sassafe suka kama hanyar Sakkwato a motar Alhaji Mamman. Tamu ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Alhaji ya riga ya gaya wa direban wata motarsa ta albasa, da za ta dawo ba kaya, ya jira su don ɗauko injin.

Shagon da Shamsuddeen ya kwatanta musu na wani Ayuba ne, mai sayarwa kuma mai gyara, mutum mai furfura a gemu da baƙin gari a ƙarƙashin farata. Alhaji Mamman bai ko zauna ba ya nuna mafi girma a cikin injunan ya ce a kunna. Ayuba ya tayar da janareta, fitilun shagon suka yi ƙasa suka dawo, injin ya yi gurnani ya fara zubo takardu da sauri har ido ba ya iya bi. Tamu ya ɗora tafin hannu a kan murfin, ya ji ɗuminsa.

"Mi shika ci?" Ya ji kansa yana tambaya.

Ayuba ya ce garin tawada yake ci, ba ruwa ba, kuma a cikinsa akwai ƙarfe mai zafi da ke gasa garin a jikin takarda. Shi ya sa yake shan wuta sosai. Ƙaramar sola ba ta ɗaukarsa, sai janareta mai ƙarfi, kuma ko kwafi ɗaya mutum ya kawo sai an tayar da ita. Baƙi da fari kaɗai yake yi. Amma in aiki mai yawa ne, babu kamarsa, kuma rubutunsa ko a ruwa ya faɗa ba ya gogewa.

Sai ya dubi sandar Tamu, ya dubi ƙafarsa, ya ce, "Malam, wa za shi zama da kai shagon?"

"Ni ɗai."

Ayuba ya ɗauko wata takarda, ya ɗan murje ta a hannu, ya sa a injin. Injin ya ja ta, ya yi ƙara, ya tsaya, jar fitila ta kama. Ya ce, "Haka shika yi in takarda ta sha sanyin damina, wata rana sau biyar. In na sai maka, ni za ka kira har Jega, to gara ka gwada yanzu. Ga ƙofar nan ƙasa."

Ƙofar tana dab da ƙasa, a gefen injin. Mai lafiyar ƙafa tsugunawa kawai zai yi. Tamu ya jingine sanda, ya dafa injin, ya zame a hankali har ya zauna daɓas a kan siminti, ƙafar hagu a miƙe. Ya buɗe ƙofar, ya zura hannu har kafaɗa, ya lalubo takardar. Ƙarfen ya ƙona masa yatsa, bai nuna ba. Ya jawo ta a yage, baƙin gari ya zubo masa a hannun riga.

Tashin ne ya gagara. Ya jawo sandar ya kafa, ta zame a kan simintin mai santsi. Ya sake, ta sake zamewa. Alhaji Mamman ya miƙo hannu, Tamu ya yi kamar bai gani ba, ya kama gefen injin, injin ya gangara kan ƙafafunsa na taya. Akwai mutum biyu da suka shigo sayen tawada, suka kau da kai. A ƙarshe dai hannun abokinsa ya kama.

Alhaji Mamman ya shiga kakkaɓe masa riga, yana cewa wannan ba komai ba ne, sai a samo wanda zai riƙa tsaya wa injin, shi zai ɗauki nauyinsa.

Tamu ya ce, "Alhaji, shekara goma ina zaune shagon wani. Ba ni buɗe nawa in koma jiran wani."

Ya nemi kujera ya zauna, ya ce Ayuba ya nuna masa ƙananan. Iri biyu ne. Akwai mai garin tawada na kan tebur, ƙanen babban, shi ma baƙi kaɗai yake yi, shi ma yana da ƙarfen zafi. Akwai kuma irin wanda Shafa'atu ta faɗa, mai tankunan tawada huɗu a gefe. Tamu ya ce, "Kada ka gaya mani kirkinsa. Gaya mani abin da ka kashe shi."

Ayuba ya yi murmushi karo na farko. Ya ce abu biyu: jabun tawada da zaman banza. In ya kwana biyar ba a taɓa shi ba, tawadar kan bushe a bakinsa. Kuma ba shi da sauri, duk wanda ya ce masa zai yi aikin dubu a wuni ƙarya yake yi. Amma wutar da yake sha ba ta kai ta fanka ba, faifan sola ɗaya da batir sun ishe shi da kwamfutar. Yana kuma karɓar takarda kai tsaye daga waya.

Tamu ya san inda takardunsa ke zuwa: aljihun manomi, ƙasan hula, gumi da ruwan sama. Ya sa aka fitar masa da shafi ɗaya, ya jira ya sha iska, ya jiƙa babban yatsa ya murza. Baƙin rubutun ya ɗan yi inuwa amma yana karantuwa. Launin kuwa ya bi yatsan. Ya daɗe yana kallon takardar. Ya tambaya ko ana samun tawadar gaske a Birnin Kebbi, aka ce ana samu. Ya sa aka ɗaga murfin, ya ga daga zaune hannunsa yana kaiwa ko'ina a cikin injin. Sannan ya ce wa Alhaji Mamman, wanda ke tsaye a bakin ƙofa ransa a jagule, ya kawo wayarsa a gwada. Hoton da ya fara zuwa hannu na sabuwar motarsa ce, maƙare da buhunan albasa. Injin ya yi ta kai da komo a hankali, har motar ta fito da jan fentinta da korayen rubutunta. Alhaji ya karɓa ya duba, ya ce, "Hm." Ya ninke ta da kyau ya sa a aljihu.

Wannan Tamu ya saya, da faifan sola da batir da bandir biyu na takarda. Duka a bayan ƙaramar mota suka shiga. Aka buga wa direban motar albasa aka ce ya wuce. Har suka bar Tambuwal Tamu yana kallon gonaki ta taga, ya san ya yi daidai, amma ji yake kamar wanda ya je neman aure ya dawo da ƙanwar.

Maƙwabtan shago suka taru ganin inji. Da aka buɗe kwalin, wani tela ya leƙa ya ce, "Ina sauran?" Luba da aka kai mata shi gida ta gani kafin a kafa, ta zagaya shi sau ɗaya ta ce, "Wanga shi na san nawa duka?" Tamu ya jera mata kwalabe huɗu ya ce ga abincinsa, na wata da watanni. Ta ɗaga ɗaya ta duba a haske, ta ajiye, ta ce Allah ya sa albarka.

Wata biyu ana tafiya lafiya, sai ƙungiyar manoman albasa ta tashi raba fom na taki. Alhaji Mamman ne shugaba, ya kuma ce ba wanda za a ba aikin sai abokinsa. Ɗaruruwan fom ne, gaba da baya, ana son su washegari. Tamu ya fara tun hantsi. Injin yana ja, yana tunani, yana turowa. Har aka kira azahar ko kwata bai yi ba, ga wakilan ƙauyuka sun cika bencin waje suna duba rana. Alhaji Mamman ya zo ya tsaya ya kalli tulin da ya rage. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya dai tattara sauran a hankali ya ce bari a rage masa nauyi, ya kai wani shago a bakin tasha mai babban inji, aka gama kafin la'asar. Da ya yi gorin ma da ya fi wa Tamu sauƙi. Ranar bai ci tuwon kirki ba.

Kuskure na biyu nasa ne shi kaɗai. Baƙar tawada ta ƙare, tafiya Birnin Kebbi ta yi masa nisa, ya sayi wata mai araha a hannun wani mai yawo da kaya, kwalbar iri ɗaya sak. Kwana uku rubutu ya fara fitowa da zane-zane, ranar ta huɗu takarda ta fito fara. Ya naɗe injin a zane, ya shiga motar haya ya ɗora shi a cinya har Sakkwato. Ayuba ya yi masa faɗa kamar ɗalibi, ya wanke injin, ya koya masa yadda ake gane hatimin ta gaske. Shago ya yi mako guda a rufe. Tun daga nan bai ƙara ba.

A hankali ya gane iyakar abinsa. In aka kawo aiki mai yawa, da kansa yake cewa a kai bakin tasha. Su ma mutanen tasha, in wani ya zo musu da maganar da ba su san yadda za su tsara ba, sai su ce ya tafi wurin Mai Tafireta. Ranar da babu wuta a gari kuma man janareta ya yi tsada, shagonsa ne kaɗai a layin ke aiki. Alhaji Mamman ya ci gaba da zuwa bayan la'asar yana zama a benci, ba su ƙara tayar da zancen inji ba.

Wajen ƙarshen damina wani dattijo makiyayi ya yi sallama a ƙofar shagon. Sunansa Labbo, rugarsu tana wajen Sabiyal. Doguwar tafiya ta nuna a ƙafafunsa. Ya ce wani hadari mai iska ya watsa musu garke, an tattaro duka sai shanu uku. Kwana goma sha biyu ke nan yana yawo. An ce masa ya samo takarda a rubuce ya kai wa hakimai da 'yan sanda.

Tamu ya ba shi ruwa, ya ce ya kwatanta su. Labbo ya fara da Hausa, da ya zo kan launi sai ya koma Fulatanci, don kowace akwai kalmarta guda da ta haɗa launin da inda tabon yake da yadda ƙaho ya karkata. Tamu yana jin Fulatanci daidai gwargwado tun na Jandutsi, amma da ya mayar da zancen Hausa sai ya ga ya rubuta fara mai baƙi-baƙi, ja mai farin goshi. Rabin shanun ƙasar haka suke.

Ya ce, "Baffa, ba ku da hotonsu?"

Labbo ya laluba jakarsa ya fito da waya a naɗe cikin leda. Ta ɗansa ce, ya ba shi don a riƙa samunsa a hanya. Bai san ko akwai ba. Tamu ya yi ta dubawa har ya kai ga hotunan da ɗan ya ɗauka a wurin kiwo. Labbo ya matso, ya riƙa sa yatsa yana cewa ga wannan, ga wannan. Ta ukun tana can gefe, rabin jikinta a bayan wata. Tamu ya jawo hotunan cikin kwamfuta, ya yanko kowace, ya ƙara mata girma, ya jera su a shafi ɗaya. A ƙasa ya rubuta layi huɗu da lambar waya da manyan baƙaƙe.

Da takardar farko ta fito, Labbo ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallo, leɓensa yana motsi, yana kiran sunayensu ƙasa-ƙasa kamar yadda ake kiransu in za a tatsa.

Tamu ya fitar da ashirin. Da yake ya san launin ba ya son ruwa, ya sa kowace a farar leda ya liƙe bakin. Ya gaya masa kada ya tsaya ga hakimai kaɗai, ya ba dillalan shanu a Jega da Aliero da Maiyama, ya kuma bar ɗaya a kowace tasha. Alhaji Mamman da ke benci ya karɓi uku ya ce zai ba direbobinsa.

Bayan kwana tara aka bugo waya daga wani ƙauye a ƙasar Maiyama. Shanu biyu sun faɗa gonar dawar wani, an kama su an kai gidan mai gari, an yi ta cigiya ba a samu mai su ba, sai da wani ya ga takardar a hannun dillali ya ce ai ya san mai farin goshin nan. Labbo ya je, aka sasanta ɓarnar dawa, ya koro abinsa. Ta ukun, wadda ke da ciki, ba a ƙara jin ɗuriyarta ba.

Labarin ya zaga rugage. Daga lokacin, ranar kasuwa ba a rasa makiyayi biyu ko uku a bencin Tamu, sun zo a fitar musu da hoton shanunsu su ajiye saboda tsaro. Ba aikin da ya taɓa zato ba ne, kuma shi ne yanzu kusan rabin abin da yake yi.

Labbo bai dawo ba sai bayan an gama girbi. Ya zauna, suka gaisa, ya ba da labarin yadda aka yi, Tamu ya yi masa barka da jaje a haɗe. Har ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya yana juya sandarsa.

"Malam, hoton nan shina nan cikin injinka?"

"Shina nan."

"Ita ta ukun nika so. Ita ɗai. Kada ka sa rubutu."

Tamu ya nemo ta. Rabin jikinta ne kawai a hoton, da kai da ƙaho da kafaɗa. Ya zaɓi takarda mai kauri, ya cika shafin da ita. Labbo ya ce uwarta da kakarta duk a hannunsa aka haife su, uwar kakar ma ita mahaifinsa ya ba shi ranar da aka yi masa aure. Injin ya ɗauki lokacinsa, su biyun suna zaune suna jira. Da ta fito Tamu ya bar ta ta sha iska sosai kafin ya sa a leda. Labbo bai ninke ta ba. Ya zura ta a miƙe cikin rigarsa, ya dafe da hannu ɗaya, ya yi sallama ya nufi tasha.